Yadda jita-jitar wata mota ta ci mini jari sau biyu

Sana'ata a Jamus sayen motocin hannu ina lodawa zuwa Kwatano. Corolla, Avensis, wani lokaci tsohuwar Marsandi idan wani ya yi oda daga Kano. Ribar kaɗan-kaɗan ce, amma ba ta yankewa. Da na tsaya a kan wannan, da yau ba ni da abin ba ku labari.

A ƙarshen 2023 na ci karo da wata Porsche 718 Cayman, samfurin GTS 4.0, a wajen gwanjon motocin da suka yi hatsari. Gabanta ya daku: bamba ta tafi, fitila ɗaya ta tarwatse, lagireto ya tsage. Sai dai ita wannan mota injinta a bayan kujeru yake, a tsakiyar jiki, don haka ko ƙwarzane bai yi ba. Silinda shida, lita huɗu, giyar hannu. Na zuba kusan duk abin da na tara na ɗauke ta. Wata biyu muna fama da ita ni da wani bakanike abokina. Ranar da muka tayar da ita a cikin gareji, ƙarar salansa ta sa mai gyaran kekunan da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo da kofi a hannu, ya tsaya yana saurare har kofin ya huce.

Ba don gida na saye ta ba. Motar da cikinta ya kusa taɓa ƙasa, ina ita ina ramukan titin unguwarmu? Niyyata in gyara, in ɗan riƙe, in sayar a nan Turai.

To a lokacin zance ɗaya ake yi a kan wannan mota. Tun 2022 kamfanin da kansa ya ce magajiyar 718 da lantarki za ta yi aiki, wajen tsakiyar shekarun 2020. Mujallun motoci kuma sai buga hotunanta suke yi ana gwada ta a cikin dusar ƙanƙara, an lulluɓe jikinta don kada a gane siffarta. Kowa na cewa 2025 za ta fito. Ni kuwa ilimin da kasuwar Corolla ta ba ni shi ne, da zarar sabuwa ta shigo, tsohuwa ta faɗi. Tsoro ya kama ni. A watan Maris na 2024 na sallama ta da 'yar ribar da ba ta biya wahalar wata biyun nan ba.

Akwai wani dattijo ɗan Maraɗi da ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru masu yawa, shi ya koya mini lodi. Da na gaya masa sai ya ce, "Ɗana, ita sabuwar ka gan ta a shago?"

Na ce, "A'a Alhaji, amma an ce tana tafe."

Ya ce, "An ce. To Allah ya sa alheri." Bai ƙara ba, ya ci gaba da jan carbinsa.

A watan Yulin 2024 wata sabuwar ƙa'idar Tarayyar Turai kan kare kwamfutar mota daga masu kutse ta fara aiki. Kamfanin bai ga amfanin sake tsarin tsohuwar mota ba, sai ya daina sayar da yawancin samfuran 718 masu shan fetur a ƙasashen Tarayyar. Tsohuwa ta bar shago, sabuwa ba ta iso ba. Ana cikin haka Northvolt, kamfanin batir na Suwidin da rahotanni suka ce shi ake jira ya kawo batiran motar, ya nemi kariya daga masu binsa bashi a Nuwamban 2024, a Maris na 2025 kuma ya durƙushe. Duk mai neman irin motar da na sayar sai dai ya nufi kasuwar hannu. Na riƙa buɗe shafukan talla da dare ina duba farashin 'yan'uwanta, ina rufewa da ciwon kai.

Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya, don na yi shi ne ina ganin na waye. Da aka bayyana cewa a Oktoban 2025 za a daina ƙera masu fetur ɗin gaba ɗaya, sai na ce yauwa, wannan karon ba za a bar ni a baya ba. Lissafina shi ne ƙaramar Porsche mai silinda shida ta ƙare ke nan har abada, wanda ya riƙe ɗaya ya riƙe zinariya. A tsakiyar 2025 na sayi wata, lafiyayya, ba tare da na yi wani ciniki na kirki ba. Har kuɗin motoci biyu da ya kamata su tafi Kwatano na haɗa a ciki.

Watan Satumba kamfanin ya fito ya ce ya sake shawara: an ɗage wasu motocin lantarki, kuma manyan samfuran sabuwar 718 za su zo da injin fetur. Zinariyar tawa ta koma mota kawai. Mota mai kyau, amma mota.

Sai a nan na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ajiye mujallun hotuna na nemo rahotannin da kamfanin ke fitar wa masu hannun jari, ina karantawa da ƙamus a gefe. Ashe duk labarin yana ciki. A 2023, cikin kowace Yuro 100 ta ciniki, kusan 18 riba ce. A 2024 ta sauko wajen 14. A shekarar ce cinikinsu a Chaina ya ragu da kashi 28 cikin 100, na Taycan kuma, motarsu ta lantarki ta farko, ya kusa raguwa da rabi. Burin da suka ɗauka na cewa kashi 80 cikin 100 na motocinsu za su zama na lantarki nan da 2030, tun Yulin 2024 suka sassauta shi, suka ce ya danganta da abin da masu saye ke so. Ga Amurka ta ɗora wa motocin Turai kuɗin fito na kashi 27.5 cikin 100 a Afrilun 2025 kafin a rage shi zuwa 15, alhali ba su da masana'anta ko ɗaya a can. A Satumban da ya ƙona ni, sun ce ribar shekarar ba za ta wuce kashi 2 ba, kuma sauya tsarin zai laƙume wajen Yuro biliyan 3.1.

Abin da na fahimta, kuma wannan ra'ayina ne, shi ne ranar fitowar mota ba injiniya kaɗai ke yanke ta ba, mai lissafi ma yana zaune a teburin. A 2024 sun sayar da jif ɗinsu Cayenne sama da 100,000, da babbar motarsu ta gudu 911 sama da 50,000, ita kuwa 718 ba ta kai 25,000 ba, ga shi ita ce mafi araha a cikin motocinsu na gudu. Idan aljihu ya yi zafi, wa za a ce ya jira a layi? Ko ni idan jirgi saura gurbi ɗaya, motar da ta fi kawo kuɗi nake lodawa, sauran su kwana a fili. Na san wannan a kasuwata, na kasa ganinsa a ta wani, don kawai sunansa babba ne.

Yanzu idan na ji an ce wata mota na tafe, tambayata ta farko ita ce wa zai kawo musu kayan haɗin, ta biyu kuma nawa suke ci a kanta. Hoton mota a cikin ƙanƙara kuwa na daina ɗaukarsa a matsayin kalanda. Kuma na yi wa kaina doka: kuɗin lodi ba ya shiga caca, ko da kuwa shugaban kamfanin ne ya raɗa mini a kunne.

Motar tana nan a wani gareji da nake biyan haya, an rufe ta da tamfol. Na yi mata lambar nan ta Jamus mai aiki daga Afrilu zuwa Oktoba kawai, don inshora ya yi sauƙi. Ban yanke ko zan sayar ko zan riƙe ba. Makon jiya Alhaji ya biyo ni ya gan ta. Ya ɗaga tamfol ɗin, ya leƙa ciki, ya ƙirga kujerun da yatsa.

"Biyu kacal?"

Na ce, "Biyu, Alhaji."

Ya sauke tamfol ɗin a hankali. "To taso mu je, akwai wata Corolla da aka ce mu duba kafin la'asar."