Tantin da ya hana Inna barci

A Ingila makarantun yara suna tashi hutu ne a ƙarshen Yuli, ba a komawa sai farkon Satumba. Sati shida ke nan, kuma duk mai ƙananan yara a gidan haya ya san nauyinsu. Layinmu a Manchesta kan yi tsit. Maƙwabta sun ɗaure kaya a saman mota sun tafi, mu kuwa muna nan, daga falo sai filin wasa na unguwa. Zuwa gida ba ya cikin lissafi, don kuɗin jirgi na mutum biyar a watan Agusta ya fi ƙarfinmu. Ba kuma dama a ce a jira sai farashi ya sauka a ɗauke yara lokacin karatu, domin tun Agustan 2024 tarar ta koma fam 80 a kan kowane yaro, uwa ta biya nata, uba ya biya nasa.

Babban ɗana ne ya tayar da maganar. Shekararsa bakwai, ya kuma san cewa ranar da aka koma malama za ta ce kowa ya faɗi inda ya je. Bara shiru ya yi. Bana yana cin abinci sai ya ce, "Umma, mu me ya sa ba ma zuwa ko'ina?" Ban ba shi amsa ba, amma maganar ta kwana a raina. Sai Allah ya sa aka ba maigida hutu ba zato, daidai da hutun Litinin ta ƙarshe ta Agusta da ƙasar ke yi kowace shekara. Na ce masa ko ina ne a kai yaran nan. Otal da gidajen bakin teku duk sun cika, waɗanda suka rage kuwa kuɗinsu ba na irinmu ba ne. Abin da ya saura shi ne kwanan tanti.

Da na zaci duk inda mutum ya ga fili mai kyau sai ya kafa tantinsa. Ashe a Ingila ba haka ba ne, galibi sai da izinin mai ƙasa. A Sukotlan ne dokar 2003 ta ba mutane damar kwana a daji. Don haka na zauna da waya ina bin wuraren da aka tanada ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ba wuri. A ƙarshe na dace da wani manomi a kwarin Edale, cikin yankin tuddai na Peak District, wanda ke buɗe gonar ciyawarsa ga masu tanti idan rani ya yi. Akwai famfo, akwai bayan gida, ba lantarki. Na ce mun karɓa.

Ba mu da tanti, ba mu da komai. Wata dattijuwa Baturiya da ke jikin gidanmu, wadda gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, ta ji ina tambayar inda ake sayarwa, sai ta ce kada in ɓata kuɗina. Ta fito da nasu na zamanin da 'ya'yanta ke ƙanana, da katifun da ake hurawa, da jakunkunan barci, da ɗan murhun gas. Sannan ta zaunar da ni ta yi min karatu. Ta ce a fara kafa tantin a bayan gida kafin a tafi, a ƙirga turaku da sanduna, don kada sai an isa da yamma yara na kuka a gano babu ɗaya. Ta ce sanyin dare daga ƙasa yake shiga jikin yaro, saboda haka abin da za a shimfiɗa ya fi abin rufa muhimmanci. Kowane yaro da hularsa da safarsa ta barci daban, busassu, kada a bari su kwanta da wadda suka yi yawo da ita. Takalman roba, rigunan ruwa, tocila ga kowa, da fo na 'yar auta a bakin tanti, don ba mai son ratsa gona da tsakar dare. Da ta zo kan wuta sai fuskarta ta canja. Ta riƙe hannuna ta ce ko ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya, kada in kuskura in shigar da murhu ko gawayi cikin tanti, ko da ya mutu. Iskar kabon monoksayid ba ta da wari, ba ta da launi, gawayi kuma yana ci gaba da fitar da ita sa'o'i bayan wutar ta lafa, tana kashe mutane suna cikin barci. Wannan ta maimaita shi har sai da na faɗa mata da bakina.

Daren da za mu tafi ban runtsa ba. Ina cusa kaya, ina fitarwa, ina duba hasashen yanayi na Met Office, wanda da safe ya ce rana, da yamma ya ce yayyafi. Kujerun yara uku sun cinye bayan mota, tunda doka ta ce yaro sai ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 kafin ya rabu da kujerarsa. Bargunan sai a kan cinyoyinsu aka ɗora.

Kuma wallahi tafiyar ta yi kyau. Wannan nake so a fara sani kafin in zo ga abin da ya ɓata min rai. Maigida ya kafa tantin nan tsaf, ɗana na miƙa masa turaku yana jin kansa babban mutum. Tumaki na kiwo a bayan katangar duwatsu, Kinder Scout na tsaye a samanmu, tudun da a 1932 talakawan Manchesta suka hau da gangan don neman haƙƙin yawo a ƙasar masu kuɗi, har aka ɗaure wasunsu. Shi ya sa ba mamaki da aka zo kafa gandun shaƙatawa na ƙasa a 1951, Peak District ne na farko. Na tsaya ina kallon 'ya'yana na gudu a wurin ba mai harararsu, na ji wani irin alfahari. Washegari muka hau tudun Mam Tor, mai tsayin mita 517, ta ƙaramar hanyar da aka yi wa matakala. Ta tsakiyar ta hau da ƙafarta tun daga ƙasa har sama, autar kuma a wuyan babanta. Da muka sauko na tuɓe su na duba bayan gwiwa da hammata da bayan kunne saboda kaska, kamar yadda dattijuwar ta ce, don inda tumaki da doguwar ciyawa suke ba a rasa ta, kuma tana ɗauke da cutar Lyme. Ban samu ko ɗaya ba. Da dare sanyi ya sauko na gaske, irin wanda ba ka zata a Agusta. Alwalar Asuba da ruwan famfon nan sai da haƙorana suka kaɗa. Yaran kuwa ko motsi.

A safiyar ne na kira Inna ta bidiyo. Murna ce ta sa ni. Ina so ta ga jikokinta a waje, cikin iska, kumatu sun yi ja, ba kullum a kan kujera gaban talabijin ba. Ɗana ya karɓe wayar yana nuna mata komai: "Inna, ga inda muka kwana! Ga inda Umma ke girki!" Ya juya kyamara kan katifun da ke ƙasa, da tukunya a kan ciyawa, da autar da ta fito kai ba gyara, sanye da rigar sanyi a kan kayan barci, hanci na yoyo. Inna ta yi shiru. Can ta ce, "Ba ni uwarku." Na karɓa. Ta ce, "Ke, faɗa min gaskiya. Me ya sami gidan?"

Na yi dariya, na ce Inna hutu ne muka zo, da kuɗinmu ma muka biya. Ta ce, "Ku biya kuɗi ku kwana a ƙasa? Ni tanti biyu na sani, na Mina da na gudun hijira. Wanne ne wannan?" Na yi ta bayani, sabis na yankewa, kwarin nan ba ya riƙe waya. Abu na ƙarshe da na ji kafin layin ya katse shi ne muryarta tana salati.

Ban ga laifin Inna ba, ko kaɗan. Ta ga mutanen da aka raba da garuruwansu, ta san yadda yaro yake kama idan ya kwana a tanti ba da son iyayensa ba, kuma abin da ta gani a waya ya yi kama da hakan. Gani ya kori ji. Duk rantsuwar da zan yi ba za ta goge hoton ba. Daga baya ƙanwata ta gaya min ranar Inna ba ta ci abincin kirki ba, dare kuma a kan sallaya ta raba shi, tana roƙon Allah ya rufa mana asiri. Mace mai hawan jini. Ni ina can ina gasa wa yara abinci ina jin daɗi.

Waɗanda nake jin zafinsu daban ne. Lokacin kiran akwai mutane a ɗakin, wata kuma ta ɗauki hoton fuskar wayar. Kafin mu dawo inda sabis yake, hoton ya zaga dangi. Da muka hau babban titi wayata ta dinga ƙara ba ƙaƙƙautawa. Wannan ta ce Allah ya kawo mafita. Wancan ya ce ashe Turan ma haka take. Wata da ko gaisuwar Sallah ba ta yi min ta turo doguwar murya, wai dama ana ta faɗa cewa masu zuwa can ƙarya suke yi wa mutane, a titi suke kwana. Ba ɗaya daga cikinsu da ya kira ya ce me ya faru. Labarin ya yi musu daɗi yadda yake, ba sa son a gyara shi.

Sai na Yaya. Bai kira ni ba, maigida ya kira, cikin muryar nan ta manya, wai idan abin ya gagara ba abin kunya ba ne a tattaro yara a dawo, gida bai ƙi kowa ba. Maigida mutum ne mai haƙuri, ya ce, "Yaya, lafiya lau muke, yara muka kai yawo." Yaya ya ce to, Allah ya sa haka ne. Wannan "Allah ya sa haka ne" ita ce har yau ke ci min rai. Watan da ya gabata kaɗai mu muka biya kuɗin makarantar 'ya'yansa biyu. Maganin Inna daga nan yake tafiya kowane wata, ba fashi. Mutumin nan da ake yi wa kallon wanda ya kasa riƙe iyali, aikin dare yake yi, yana dawowa ƙafafu a kumbure, kuma kafin ya sayi takalmi sai an fara tura na gida. Da ba ma turawa, da otal ɗin da ya gagare mu bai gagare mu ba. Ban faɗa wa Yaya haka ba, ba kuma zan faɗa ba, yayana ne. Amma ya sani.

Wani abin da ya ƙara min ciwo shi ne ba ni da wanda zan kai wa kukan. Da na mayar wa dattijuwar kayanta ta tambaye ni yaya tafiya, na ce ta yi kyau ƙwarai, na yi godiya. Ta ina zan fara yi mata bayanin cewa tantinta ya sa mahaifiyata kuka? A wurinta wannan tanti shi ne mafi daɗin shekarun da ta yi da 'ya'yanta. Can gida kuwa ba wanda zai gane dalilin da zai sa mai ɗaki da gado ya kwashi iyali ya kai su gonar wani. Ni na san duka biyun gaskiya ne, kuma ni kaɗai ce a tsakiya. A gida da abu irin wannan ya faru, da yamma zan shiga ɗakin Inna in zauna a bakin gado, ta dube ni ta ga jikina lafiya, magana ta mutu. Daga nan sai dai waya, kuma waya abin da ta nuna shi ke nan.

Inna ta tsufa fiye da yadda na bar ta. A kiran nan na lura, duk da yankewar da hoton ke yi, wuyanta ya rame. Autata ba ta taɓa zama a cinyarta ba. Ta tsakiyar Hausarta ta fara karyewa, tana ce wa kakarta abubuwa da Turanci, Inna na amsawa da "to, to" ba tare da ta ji ba. Ƙanwata ita ke ɗauke da komai, asibiti da kasuwa da dare idan jiki ya motsa, ga nata 'ya'yan. Ita kaɗai ce da ta ga hoton ta kira ni kai tsaye ta ce, "Yaya, kin ba Inna tsoro, amma yaran sun yi kyau, Allah ya raya." Na yi kuka bayan mun ajiye waya.

Da muka iso gida, tun kafin a sauke kaya na sake kiran Inna. Na zaga da ita ɗaki ɗaki, na buɗe firji, na kunna famfo, na nuna mata makullin a jikin ƙofa. Ta ce alhamdulillahi, ta sa mana albarka, sannan ta ce, "Don Allah kada ku sake kai min su daji." Na ce to, Inna. Ɗana yana gefe yana ji. Da aka koma makaranta ya zana tanti da tumaki da mutum biyar a kan tudu, malama ta manna a bango, ya kuma riga ya fara tambayar ko za mu koma a hutun ƙarshen Mayu. Babansa ya ce za mu koma, har ya fara duba tanti na hannu. Ni na yi wa Inna alkawari, kuma ban taɓa yi mata ƙarya ba, don haka sai na nemi yadda zan lallashe ta ta janye da bakinta. Na roƙi ƙanwata ta fara yi mata shimfiɗa a hankali. Yaya kuwa tun ranar bai kira ba, sai saƙon da ya turo a farkon zangon karatu, na kuɗin makaranta. Maigida ya tura.