Damshi a Sabon Bene

Yau na raka ƙanwata karɓar makullin gidan da ta saya a wani dogon bene da ko shekara bai yi ba. An yi ruwa da safe. Tana dafa bangon ƙarƙashin taga, sai fenti ya biyo tafin hannunta, jiƙe sharkaf. Wakilin kamfanin da ya sayar mata da gidan ya murmusa, wai ƙaramin abu ne.

Ƙarami ina! Ruwan da ya ratsa kankare rodi yake tararwa, rodin ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsaga gini daga ciki. Nan na tuna Opal Tower, wani dogon bene a Ostireliya, da aka kwashe mazaunansa a Disambar 2018 saboda tsagewa, watanni kaɗan da kammala shi. Tun ɗazu nake tunanin wanda zai biya kuɗin gyara, kamfanin ko ƙanwata da maƙwabtanta.