Na gano abin da ke ɗaga Keshi sama da Yekini a jadawalina

Salamu alaikum 'yan uwa. Sati uku ke nan ina fama da wani jadawali da nake auna shaharar tsofaffin 'yan Super Eagles da shi, sai daren jiya Allah ya warware min, har na kasa barci don murna.

Duk yadda na juya alƙaluman masu buɗe shafukansu a Wikipedia, Stephen Keshi ne ke yi wa Rashidi Yekini fintinkau. Ban raina Keshi ba, mutumin da ya ɗauki kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ɗauka yana koci a 2013. Amma tazarar ta yi yawa, zuciyata ta ƙi yarda. Yekini fa, ɗan Kaduna, mai ƙwallo 37 a Super Eagles, wanda ya ci mana ƙwallon farko a gasar duniya ya riƙe raga yana kuka! Na sake sauke bayanan sau huɗu, ina zaton a wajen kwafa na yi kuskure. Datar wata guda ta ƙare min cikin kwana tara, wannan kam ya yi min ciwo.

Ashe laifin ranar mutuwa ne. Ƙidayar masu buɗe shafi da muke amfani da ita daga watan Yulin 2015 ta fara. Keshi ya rasu a Yunin 2016, don haka tururuwar da aka yi zuwa shafinsa a makon rasuwar tana cikin lissafi. Yekini kuwa tun Mayun 2012 ya rasu, tasa tururuwar ta wuce kafin a fara ƙirga. Ni kuma ina haɗa watanni duka in raba, sai wata ɗaya tak ya ja sauran sama. Makoki nake aunawa, ina ce masa shahara.

Da na bar AVERAGE (haɗa duka a raba) na koma MEDIAN (ɗaukar adadin da ke tsakiya idan an jera su), tazarar ta ragu ƙwarai, layin kowa a zanen jadawalin ya kwanta. A nan ne ma na lura da ƙananan tudun da ke layin Yekini, waɗanda nake kyautata zaton na ranakun da ɗan wasan gaban Najeriya Victor Osimhen ya ci ƙwallo ne aka tuno da tarihin 37 ɗin. Irin wannan tunawar nake nema tun farko.

Tijani Babangida ma ya ba ni wahala a Google Trends, mai nuna yawan neman suna a Google, Janar Babangida ya cinye sunan, sai da na zaɓi wanda aka rubuta ɗan ƙwallo a ƙarƙashinsa.

Wanda ya gagare ni har yanzu Shago ne, ɗan damben da Ɗan Anace ya waƙe. Na so in gwada shi da 'yan ƙwallon, amma ka rubuta sunansa sai shagunan haya da na ɗinki su fito. Wanda ya san yadda zan tace shi, don Allah ya nuna min.