Yaya ce ta riƙe mini gida na koma aji

Shekarata 42, 'ya'yana biyar, kuma yanzu haka ina aji uku a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ina karatun digiri a fannin ilimi. Mata 'yan'uwana malamai kan tare ni a gidan biki ko wajen taron bita su ce, "Malama, ta ina kika bi?"

NCE ɗina a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Gusau na yi ta, wadda mata zalla ke karatu a cikinta. Daga nan na kama koyarwa a firamare. Duk wanda ya san aikin gwamnati ya san tsarin: mai NCE a mataki na 7 yake farawa, mai digiri a na 8, kuma akwai inda mai NCE zai kai ya tsaya cak, komai iya aikinsa. Na kai kusa da wurin. Ina ji ina gani yarinyar da na koya wa baƙi da wasali ta dawo da digiri, aka ce ita za ta duba mini tsarin darasi. Ban ji haushinta ba, wallahi, ƙoƙarinta ne ya kai ta. Amma daren nan ban yi barci ba.

Da can sai a ce digiri sai Sakkwato ko Zariya, matar aure mai goyo ina za ta? Tun da aka kafa jami'a a Gusau a 2013 wannan uzurin ya kau. Mai NCE fom ɗin DE, wato Direct Entry, yake saye a wajen JAMB, ya shiga aji biyu kai tsaye. A lokacin da na nema, sai da lambar NIN, sai kuma kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Lissafin nan shi ya tsare ni, sai da na sake zama NECO ta 'yan waje, a ɗaki ɗaya da sa'o'in babbar ɗiyata. Bayan nan na nemi hutun ƙaro karatu a rubuce. Kada ki yarda ki tafi da izinin baki, ki jira takarda ta fito ki adana ta.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar gida.

Da na gaya wa mijina, Malam, shiru ya yi, can ya ce, "To, girkin fa? Yaran fa?" Bai hana ba, bai kuma ce e ba. Uwargidansa ce ta warware maganar. Mun shekara fiye da goma sha biyar muna zaune, mun yi faɗa mun yi shiri kamar harshe da haƙori. Ta same ni a madafa ina tankaɗe, ta ce, "Ke, mi kike jira? Tafi ki yi karatunki. Ranar da kike da lacca ni za ni ɗora tukunya, ɗiyanki ɗiyana ne." Na ce, "Yaya, shekara uku ce fa, ba wata uku ba." Ta ce, "Awo, na ji."

Yaya ba ta yi boko ba, allo ta yi da Islamiyya. Amma ita ke yi wa autana wanka da safe, ita ke kai shi allurar rigakafi, ita ke kora yara waje lokacin jarrabawa don in samu in buɗe littafi. Kuɗin rajistar shekarar farko ma kwasar adashinta ta ba ni, na biya ta a hankali. Mutane sun iya ba da labarin sharrin kishiya, shi ya sa nake faɗin nawa da babbar murya.

Wahala tana nan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin Keke zuwa makaranta kan hanyar Zariya ya fi ƙarfin abin da na tsara, har na rage cefanen da nake ƙarawa daga albashina. Idona ya fara gajiya da karatun dare, na sa tabarau. Rajistar darussa ta intanet ɗiyata ke taya ni. A aji "Mama" suke ce mini, su bar mini kujerar gaba, ni kuma idan an zo darasin dabarun koyarwa su zagaye ni, domin abin da suke haddacewa ni na yi shi da yara tamanin a aji ɗaya ba benci.

Akwai wata 'yar ajinmu daga wajen Ɗansadau, malama ce ita ma, ba ta iya zuwa gida ƙarshen mako saboda halin da hanya take ciki. Yaya ta ce in riƙa kawo ta. Yanzu duk Juma'a a gidanmu take kwana, kuma mu biyu za mu fita koyarwar gwaji zangon da ke tafe, in Allah ya kai mu.