Wasiƙa daga Edmonton: sanyi, da wani kare mai suna Buck

Assalamu alaikum. Da fatan kowa lafiya, ya gida ya yara.

Tambayoyi biyu kuka ishe ni da su tun zuwana Kanada: maganar biza, da wai da gaske ne ana sa wa kare takalmi. Zan zo kan bizar. Takalmi kuwa gaskiya ne, har da riga. Ni ma na sha dariya, sai ranar da ma'auni ya sauka 30 ƙasa da sifili. Na fito ƙofa, na ja numfashi ɗaya, gashin hancina ya sandare kamar tsinken tsintsiya. Mota a nan jona ta ake da wuta da daddare kamar waya, in ba haka ba da safe ta yi maka kunnen ƙashi. Ƙarfe biyar ba ta yi ba duhu ya rufa. Hunturunmu da muke ta kuka da shi, leɓe ya tsage a shafa man kaɗe a wuce, wallahi hutu ne.

Zaman ɗakin nan ne ya sa na aro wani tsohon littafi a laburaren unguwa, The Call of the Wild, na Jack London, wanda ya fito a 1903. Labarin Buck ne, ƙaton kare ɗan gata a gidan wani alƙali a Kalifoniya. Wani yaron lambu da caca ta cinye ya sace shi ya sayar, saboda an ga zinare a Klondike, can arewacin Kanada, a 1896, kowa na neman karnukan jan kaya a kan ƙanƙara. Shi marubucin da kansa ya je can a 1897. Duk wanda ya ga yadda samari suka yi ɗango zuwa Djado, a arewacin Nijar, neman zinare a 2014 ba ya buƙatar a fassara masa wannan zazzaɓin.

Daren Buck na farko ya fi tsaya mini a rai. An kore shi daga tanti, yana ta zagaye yana rawar ɗari, ya rasa inda sauran karnuka suka shige. Ashe rami suka tona cikin dusar ƙanƙara suka dunƙule, ɗumin jikinsu ya riƙe su. Ya gani, ya kwaikwaya. Takalmin ma yana ciki: ƙafarsa ta ɗan birni ce, sai mai tuƙa su, François, ya yanki nasa ya ɗinka masa guda huɗu.

Akwai kuma wasu baƙi uku da suka sayi Buck daga baya, Hal da Charles da Mercedes. Sun labta kaya fiye da kima, suka tara karnuka 14, alhali keken ƙanƙara ɗaya ba ya ɗaukar abincin da zai ciyar da su. Duk wanda ya ba su shawara sai su ga ya raina su. Wani mai neman zinare, John Thornton, ya ce musu ƙanƙarar kogi ta fara ruɓewa, suka yi biris. Ya yanke igiyar Buck da ƙarfin tsiya, su kuma suka yi gaba, kogin ya haɗiye su. Ina karantawa ina tuna kaina a makon farko, lokacin da wani dattijo a masallaci ya ce in sayi takalmin hunturu kafin komai, na ce ai nawa na fata ne. Kwana uku na yi.

Ƙarshen ne bai yi mini ba. Marubucin ya ƙirƙiro wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasa don kawai su kashe Thornton, Buck ya samu hujjar bin kyarketai. Da ka zauna a nan ka ga mutanen da idonka, abin ba ya daɗin karatu.

Biza kuwa, doguwar magana ce, sai wasiƙa ta gaba. A gaya wa Inna rigar sanyin da ta saya mini a Ƙofar Wambai tana nan cikin akwati, sai watan Mayu zan fito da ita.