Buhunan albasar Kawu da saƙon da ke tafiya a iska

Aikina hawan ƙarfen sabis ne. Shekara tara ke nan ina yawo tsakanin Birnin Kebbi, Jega da Argungu har Yauri, ina ɗaure eriya, ina duba batura. Har gobe Kawuna na Aliero bai yarda akwai ilimi a ciki ba. A wurinsa ni mai hawan giginya ne da ya samu hular kwano.

Bana lokacin fitar albasa na je gaishe shi, na tarar ana lodin motoci uku da za su yi kudu. Buhu sittin gare shi, mota ɗaya ta ishe su, amma ya sa aka raba ashirin-ashirin, aka cike da na abokan sana'arsa. Na ce, "Kawu, da kun zuba su wuri ɗaya kun huta." Ya harare ni ya ce, "Kai yaro, in mota ta lalace ta kwana ukku cikin rana fa? Ashirin ta ruɓe, jarina na nan. Sittin ta ruɓe, na koma ɗan dako."

Dariya ta kama ni, don abin da wayar aljihunsa ke yi ke nan dare da rana.

Duk abin da waya ke aikawa, murya ce ko hoto, ana mayar da shi jerin sifiri da ɗaya, kowane guda sunansa bit. Kafin su tashi ana ƙara musu wasu bit na gadi, waɗanda za su taimaka a gyara kuskure a can inda saƙon ya sauka. To amma gadin nan yana da iyaka: kuskure nan ɗaya can ɗaya yana iya gyarawa, wanda ya zo a dunƙule kuwa ya fi ƙarfinsa. Ita kuma iska a dunƙule take ɓarna. Sigina yakan bugi rufin kwano, ya bugi ruwan fadama, ya iso waya ta hanyoyi da yawa, wani lokaci su kashe juna na ɗan ƙiftawar ido, musamman in kana kan babur.

Gwada da takarda. Rubuta "gobe zan kawo shinkafa", ka ɗiga ruwa ya cinye harufa takwas a jere. In ya faɗa kan kalmar ƙarshe, shi ke nan, ba wanda ya san me za a kawo. Amma a ce harufan da suka goge a warwatse suke: "g_b_ z_n k_w_ sh_nk_f_". Ɗan aji uku ma zai karanta. Dabarar ita ce a rubuta bit ɗin layi-layi a kwance, a kwashe su a tsaye a aika, can kuma a mayar da kowa gurbinsa. Ni barbaza nake ce mata.

Ba sabon abu ba ne. GSM da ya shigo Najeriya a 2001 yana yanka magana gutsure-gutsure na milisakan 20 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), kowane ya zama bit 260, a ƙara gadi su koma 456, sannan a raba su gida takwas na 57 a aika a lokuta daban-daban. Faifan CD ma da irin wannan yake jure ƙarzuwa.

Inda abin ya fi daɗi shi ne wajen lodi, wato yadda ake ɗora bit a kan igiyar rediyo. Kowane ɗan sauyin da ake yi wa igiyar don ta ɗauki bit sunansa alama, kuma salon lodin iri-iri ne: QPSK na ɗaukar bit 2 a kowace alama, 16QAM 4, 64QAM 6, 256QAM kuwa 8. Kamar jirgin ruwan Yauri ne: in ka ƙara kaya riba ta ƙaru, amma ƙaramar igiyar ruwa ma sai ta shigo ciki. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, bit ɗin da ke cikin alama ɗaya ba matsayinsu ɗaya ba. A 16QAM, in ka zana alamomin kamar ɗigo a fili mai kusurwa huɗu, bit biyu na farko su ke nuna wace kusurwa alamar take cikin huɗun, kuma sai hayaniya ta yi yawa suke kuskure. Biyun baya su ke bambanta maƙwabta na kusa, su ne raunana. Shi ya sa a 5G mai barbazawa yake ƙoƙarin sa bit na ainihin saƙo a kujerun tsakiya, wato gurabe masu ƙarfi, na gadi su zauna gefe. Wani injiniya, Ephraim Zehavi, shi ne ya fito da haɗa barbaza bit da lodi a 1992, sannan masana uku, Caire da Taricco da Biglieri, suka yi masa cikakken lissafi a 1998.

Sai maganar hawa-hawa. Farin akwatin nan da kuke gani a saman ƙarfe, eriya da yawa ne a cikinsa, wayarku ma tana da fiye da ɗaya. Da su ake tura jerin alamomi biyu ko huɗu lokaci guda a mita ɗaya, kowane a hawansa, abin da ake kira MIMO. A 5G ana iya kai wa waya ɗaya har hawa takwas. Sai dai hawan ba su zama daidai, wani ƙarfi, wani kamar lagwani. Don haka ba a ba hawa ɗaya saƙo guda sukutum. Alama ta farko ta hau na ɗaya, ta biyu na biyu, a zagayo, yadda in rarraunan ya zubar da nasa, masu ƙarfin za su cike giɓin. Motocin Kawu ke nan sak.

Akwai farashi fa. Mai karɓa dole ya jira kason ƙarshe ya iso kafin ya haɗa, kuma a GSM jiran nan ya kai kusan milisakan 37. Sannan in duka hawan suka raunana tare, barbaza ba ta da abin yi. A nan wayar za ta shaida wa ƙarfe halin da take ciki, shi kuma ya rage lodi zuwa QPSK, ya koma hawa ɗaya. Shi ne za ka ga a ƙauyen da ke nesa da ƙarfe saƙon WhatsApp yana rarrafe amma yana isa. Mutane na zagin hakan, ni kuwa na fi son shi da bidiyon da zai taso da gudu ya tsinke a tsakiya.

Na kwashe duk wannan na faɗa wa Kawu muna zaune kan buhu. Ya saurara har ƙarshe, ya ɓare goro, ya ce, "To su Turawan nawa suka biya wanda ya koya musu?" Daga nan ya miƙe ya tafi ƙirga buhunan mota ta uku.