Sati biyu da lauje da gatari

Ni tela ne. Kusan duk shekara ina kan keken ɗinki a Kano, baya a lanƙwashe, ido kan allura. Amma da an gama yankan gero, wajen ƙarshen Oktoba, sai in rufe shago in nufi ƙauyenmu da ke arewa da Ɗambatta. Kawu na jirana da lauje da gatari.

Muna fita ne bayan sallar asuba, raɓa na jiƙa mana ƙafar wando. Aikin farko yankan gamba, wadda za a saƙa zana da ita. Hannun hagu ya tattaro, lauje ya ja, a ɗaure dami. Kwana ukun farko kafaɗa kan yi tsami, tafin hannu ya yi bororo. Daga rana ta huɗu kuwa ciwon ƙugun da na taho da shi daga birni sai ya fara saki. Ina jin Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Mu kafin hantsin rana ɗaya mun cika su.

Abin da na fi ƙauna shi ne gyaran itatuwa. Kawu ya koyo shi wurin manoman Maradi, inda ake ce masa sassabin zamani, aikin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostiraliya, ya yaɗa tare da su tun 1983. Kututturen kalgo ko sabara da ya yi tofo da yawa, ba a share shi. Sai ka durƙusa ka duba, ka zaɓi rassa uku ko huɗu masu ƙarfi da suka miƙe, ka datse sauran. Bara na ɗaga gatari kan wani ɗan gawo, Kawu ya riƙe mini hannu.

"A'a, ɗana. Wannan shi ke ba gona taki. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi wa dabbobi inuwa."

Na ce, "To, Kawu." Bana ɗan gawon ya kai mini ƙirji.

Rassan da muka datse su ne itacen girkin gida, ba sai an kayar da babbar bishiya ba. Hatsari ɗaya nake tsoro: kaka lokacin kububuwa ne, tana kwanciya ƙarƙashin dami. Ba na shiga ciyawa sai da takalmin roba mai tsawo, kuma da sanda nake juya dami kafin in sa hannu.

Da azahar mukan zauna gindin tsamiya, mu sha fura da nono a ƙwarya, iskar hunturu ta fara kaɗawa, jiki na bushewa daga gumi. Tuwon dare da miyar kuka, malmala biyu nake tashi da su. A Kano sai sha biyu ta wuce ina juyi kan katifa. A nan, ana idar da isha'i nake shimfiɗa tabarma, ban kuma sanin inda nake sai Kawu ya buga ƙyaure.